Faifai Dubu Huɗu, Ba Na'ura Ko Ɗaya

Yau da safe na sake ce wa Yallabai a'a. Karo na tara ke nan, kuma har yanzu in na faɗa sai ya waiga bayansa ya duba ko da wani nake.

Ya turo mini takardar a kan teburinsa, ya ɗora mata biron nan nasa mai ruwan zinare wanda ba ya ba kowa aro.

"Malama, hannu kawai za ki sa. Layi ɗaya ne."

"Ranka ya daɗe, layin ne ban yarda da shi ba."

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ga dai ni ce. Ya ce in fita. Na fita, na ja masa ƙofa a hankali, don an koya mini ladabi a gida.

Bari in warware wa mai karatu. Ni ce jami'ar adana bayanai a wata ma'aikata da ke rajistar filaye da gidaje. Shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta wannan aiki, na fito da sakamakon da har yau Inna ke yawo da hotonsa a jaka tana nuna wa mutane a asibiti. Ba da ƙafa na shigo ba, jarrabawa na ci.

Muna da doka mai kyau, Allah ya saka wa wanda ya rubuta ta: duk bayanin da aka shigar, a adana shi shekara hamsin. Shekaru ashirin da 'yan kai da suka wuce, manyanmu masu hangen nesa suka ga takarda ta zama ƙauyanci. Aka kwashe rajistoci kaf aka zuba a kwamfuta, daga nan aka juye su a faifan fulofi. Yaran yanzu ba su san shi ba: ɗan baƙin roba ne mai kusurwa huɗu, kamar tafin hannu, da ake zura wa kwamfutar wancan zamani ta wani ɗan baki. Da aka gama, aka cinna wa takardun wuta, aka mayar da ɗakinsu falon baƙi.

To, muna da wata dokar kuma, ita ma mai kyau: duk na'urar da ta wuce shekara biyar, a yi gwanjonta, kada a ce ma'aikata ta tsufa. Kwamfutar ƙarshe mai wancan ɗan bakin, shekara goma sha ɗaya ke nan da wani mai sayen ƙarafa ya ɗora ta a kura ya yi gaba. Dokokin nan biyu ba mu taɓa karya ko ɗaya ba. Ban san wata ma'aikata mai biyayya kamar tamu ba.

Saboda haka faifai dubu huɗu da ɗari biyu da shida suna nan lafiya cikin kwalaye, a ɗaki mai na'urar sanyi, yayin da mu 'yan Adam ke ƙarƙashin fanka mai juyawa ranar da ta ga dama. Duk ƙarshen shekara akan buɗe ɗakin, a fito da su, a ƙirga, a goge kowanne da tsumma, a mayar. Sannan jami'i ya sa hannu a ƙarƙashin layin da ke cewa: "An duba dukkan bayanan, ana iya karanta su." Wanda na gada ya sa hannu sau goma sha ɗaya, ya yi ritaya da agogon bango da jawabin yabo.

Ni ma da wataƙila na bi sahu, ba zan yi muku ƙaryar walittaka ba. Baba Kafinta ne ya ɓata mini lissafi.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. Shi ya yi mini teburin da na yi karatu a kai tun firamare. Takardar filinsa gara ta cinye ta a cikin akwati, sai ga wani bawan Allah mai babbar mota ya zo da sabuwar takarda fil, mai ƙamshin tawada, ya ce gidan nasa ne. Magana ta je kotu. Kotu ta rubuto mana: a duba rajista, da sunan wa aka shigar da filin?

Ranar Baba ya tare ni a ƙofar gida, fensir a bayan kunne.

"'Yar boko, an ce sunana yana wurinku."

"Yana nan, Baba. Kwali na goma sha bakwai."

"To ki buɗe ki karanta musu mana."

"Ba mu da abin buɗewa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kun ajiye akwati kun sayar da makulli?"

"Bisa doka, Baba."

"Ni da ban yi boko ba, in na yi wa mutum kabad, tare da makullinsa nake ba shi. Ashe kuskure nake yi shekara arba'in."

Ga inda gizo ke saƙar. In na sa hannu cewa komai yana karantuwa, amsar da ofis ya riga ya buga wa kotu ita ce: mun duba, ba mu ga sunansa ba. Kuma ba ƙarya a ciki, don ba mu ga sunan kowa ba. Da wannan jimla guda za a fitar da tsoho da injin yankan katakonsa da jikoki biyar a kan titi.

Karo na farko da na ƙi, Yallabai ya ɗauka ƙuruciya ce. Karo na uku, sai na je da faifai ɗaya daga kwali na goma sha bakwai, na miƙa masa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, karanta mini layi ɗaya daga ciki, ni kuma in sa hannu a layinka."

Wallahi sai da ya ɗaga shi sama ya hanga a hasken taga. Ya juya bayansa. Ya ja ɗan ƙarfen da ke baki, ya leƙa. Sannan ya tuna shi ne shugaba.

"Na samu labari maƙwabcinki ne. Son kai ne wannan."

"Mutum dubu arba'in ne a cikin kwalayen nan, ranka ya daɗe. Kowannensu maƙwabcin wani ne."

Kada ku ce manyanmu ba su motsa ba. An kafa kwamiti. Kwamiti ya je bitar kwana goma a wani otal mai wurin ninkaya, ya dawo da jakunkuna masu tambari da shawara guda: a sauya kwalayen da na ƙarfe. An sauya. Yanzu ko ɓera bai isa ya karanta bayananmu ba.

Ni kuwa na bi kasuwar 'yan gyara rumfa rumfa, Asabar uku, har na samu wani dattijo mai gyaran rediyo da ya zaro mini tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin benci, ya hure mata ƙura, ta kama. Na dawo ofis ina murna kamar wadda ta tsinci ɗan'uwa. Anti Mai Hatimi, wadda duk takardar ofis sai ta bi ta hannunta, ta saurare ni har ƙarshe tana yanke farce.

"Ƙanwata, ba a sayen na'urar da ta wuce shekara biyar."

"To a ara."

"Ba a zura faifan ofis a na'urar da ba ta ofis ba."

"To a ba mu ita kyauta."

"In ta zama tamu, ranar za a yi gwanjonta." Ta hure farcen. "Ki sa hannu ki huta. Mu da kika gani, duk da digirinmu muka zo."

Ban huta ba. Wasiƙar kotu ga jami'ar adana bayanai aka aiko ta, kuma ni ce ita. Na zauna na amsa da hannuna, jimla biyu: bayanin yana nan a ajiye, amma ma'aikata ba ta da abin karanta shi, kuma rabonta da shi shekara goma sha ɗaya. Na kai da ƙafata, aka buga mini shaidar karɓa. Alƙali ya dakatar da tashin Baba har sai an karanta faifan, ya kuma nemi sanin abin da ake sa wa hannu duk shekara. Wannan tambayar ce ta sa Yallabai ke kirana duk mako biyu da biron zinare, don yana so ya kai musu takardar bana cikakkiya.

Baba yana gidansa, da safe ƙarar zartonsa ke tashina. Ni kuma ga nawa rabon. An tsallake ni a ƙarin girma, wadda na koya wa kunna kwamfuta yanzu ita nake kai wa fayil. An cire sunana daga karatun da aka yi mini alkawari. An fitar da teburina baranda, tsakanin bayi da durom ɗin ruwa. Abokan aiki in sun hango ni sai wayarsu ta yi ƙara. Inna ta daina tambayata labarin ofis, sai dai ta ƙara mini abinci. Yau da azahar kuma takardar gargaɗi ta uku ta iso, wadda ke nufin shekara uku ba hawa ko mataki ɗaya, in ma an bar ni na kai.

Na karɓa, na karanta, na gyara musu kuskuren rubutu biyu, na sa hannu a wurin da aka ce in sa. Wannan kam duk abin da ke cikinta gaskiya ne.