Injiniya Halliru Ya Raba Rikici

In ka zo Illela ka tambayi inda ilimi yake kwana, ba makaranta za a nuna maka ba. Wani shago za a nuna maka mai ƙofar kwano, a bakin titin da ya miƙe zuwa Ƙonni ta Nijar, inda Injiniya Halliru yake zaune a kujerar roba da tabarau a goshi. Allah ya yi wa garin nan baiwa da shi, kuma shi ne ya fara lura da hakan. Sunan Injiniya ma shi ya ba kansa, da ya ga jami'o'i suna ta nawa.

Kafin ilimi ya same shi, fito yake yi. Lokacin da aka rufe iyaka, shi ne yake bi ta daji da babur, buhun shinkafa a gaba, jarkar mai a baya. Da aka buɗe iyaka kasuwar ta mutu, sai ya sayi allon cajin waya da tsohuwar kwamfuta, ya shiga tura wa matasa fina-finai. Daga baya ya je wata bita ta 'yan kwanaki a Ƙonni, ya dawo da takardar shaida da Faransanci. Ya sa mata gilashi ya rataye. Babu wanda ya san abin da ta ce, har shi, amma tana da hatimi babba. Sufyanu mai shayi, wanda yake cajin wayarsa kyauta a shagon, shi ya ƙara masa laƙabin Farfesan Kan Iyaka. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Haulatu 'yar yayarsa ce. Tana koyarwa a firamare, tana kuma ƙarasa karatu a jami'a a Sakkwato. Aikinta na ƙarshe taswirar tafkin Kalmalo ce: inda ruwa yake kaiwa da damina, inda yake ja da baya da rani, da gonakin da suke bin sawunsa. Damina da rani ta yi tana zuwa bakin tafkin a bayan babur, tana aune-aune cikin taɓo, masunta suna yi mata dariya. Duk abin da ta auno yana cikin wata tsohuwar kwamfutar cinya. Ranar Litinin za ta buɗe taswirar a gaban malamai, har da wani baƙon malami da sau ɗaya yake zuwa a shekara. In ta nuna, ta gama. In ba ta nuna ba, sai baɗi.

Kwamfutar da Linuks take aiki, wato manhajar nan ta kyauta da ba a saya. Abdulmalik, ɗan ajinsu, shi ya sa mata, don na'urar ta tsufa ba ta ɗaukar mai nauyi. Ita Linuks ƙunshi-ƙunshi ce, kamar lodin mota: wannan yana jingine da wancan, wancan yana ɗaure da na ƙasansa. Kowane ƙunshi daga wani rumbu ake sauko da shi ta intanet, kuma in kana son zaman lafiya, rumbu ɗaya za ka riƙe.

Injiniya bai yarda da rumbu ɗaya ba. Mutumin kan iyaka ne, ya san sukari ya fi araha a can, mai ya fi araha a nan. Da ya ari kwamfutar da azumi don wata hidima tasa, duk rumbun da ya ci karo da shi sai ya haɗa mata, na tsohon yayi da na sabo, na dangin Linuks ɗin da na waɗanda ba su haɗa ko kaka ba. Ya mayar mata ba tare da ya ce komai ba, don mai alheri ba ya gori.

Ranar Juma'a na'urar ta nemi a sabunta ta. Haulatu ta danna. Na'urar ta tafi rabi ta tsaya cak, ta ce akwai ƙunshin da ba za su zauna tare ba: manhajar taswira tana son tsohon wani abu, baƙin da Injiniya ya shigo da su suna son sabonsa. Taswira ta ƙi buɗuwa. Haulatu ta kira Abdulmalik, ya ce kada ta taɓa komai, ta kawo masa gobe, zai cire baƙin rumbunan a hankali, aikinta yana nan lafiya.

Da nan maganar ta tsaya, da babu labari. Amma da safiyar Asabar tana ɗaura jaka Injiniya ya shigo gaida Inna, mahaifiyarta. Inna kuwa, da zuciya ɗaya, ta ce yarinyar nan za ta Sakkwato gyaran na'ura.

Injiniya ya sauke tabarau daga goshi zuwa hanci, abin da yake yi in an taɓa martabar ilimi.

"Mi za ki yi Sakkwato?" ya ce. "Ni ina raye, ina numfashi, a ɗauki na'urar gidanmu a kai ma yaro ɗan makaranta? Mutane su ce mi? Daga Tozai da Amarawa aka zo wurina, ke ɗiyata ki tsallake ni?"

Haulatu ta ce, cikin ladabi, ai ba ta so ta wahalar da Kawu ne. Ya ce wahala ga wanda bai iya ba. Ta dubi Inna. Inna ta dubi ƙanenta, wanda ta goya a bayanta, ta ce ta ba kawunta mana, ya duba, in bai yiwu ba ai mota ba ta ƙarewa a tasha. A gidan nan ana iya musu da malamin jami'a, ba a karɓe kaya daga hannun kawu. Jakar ta koma kafaɗar Injiniya. Haulatu ta bi shi a baya kamar mai rakiyar akuyarta mahauta.

Bai buɗe ta a cikin shago ba. Tebur ya sa aka fito da shi ƙarƙashin rumfa, inda majalisa take, don ilimin da ba a gani ba asara ne. Haulatu ta zauna daga ciki a kan benci, kusa da allon caji, tana leƙen allon ta bayan kafaɗarsa.

Ya fara da jawabi. Ya ce wa jama'a wannan ba irin kwamfutar da suka sani ba ce, wannan ita ake tuƙa jirgin sama da ita. Sufyanu ya ce Allah ya ƙara wa Farfesa basira. Sannan ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ya rubuta abin da ya gani a wani bidiyo, da yatsa ɗaya, yana ɗaga shi sama bayan kowane harafi kamar mai yanke hukunci.

Na'ura ta maimaita abin da ta faɗa jiya: waɗannan da waɗannan ba za su zauna tare ba.

Ya sake rubutawa, da ƙarfi wannan karon. Na'ura ba ta san ƙarfi ba. Ya kashe ya kunna. Ya hura bayanta. Ya ce laifin sabis ne, ya sa layin Nijar. Da na Nijar ɗin ma ya kawo amsa iri ɗaya, ya ce ƙasashen biyu sun haɗa baki.

Haulatu ta matso ta ce a hankali, Abdulmalik ya ce wai wasu baƙin rumbuna ne aka haɗa mata, su za a fara cirewa. Ba ta ce wa ya haɗa ba. Injiniya bai waiwayo ba. Ya gaya wa majalisa cewa yaran yanzu tsoro ake koya musu a jami'a. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

"Ku saurara in hwaɗa muku," ya ce. "Wanga abu shinge ne. Ni na san shinge. Wanda ya tsaya gaisuwa ga shinge nan zai kwana. Kowane shinge da kuka gani, akwai hanya ta bayanshi. Sojan Nijar bai tsai da ni ba, kwastan bai tsai da ni ba, sai wagga 'yar faranti?"

Ya nemo barauniyar hanyar kuwa. Wani bidiyo ya nuna masa yadda ake tilasta wa na'ura. Ya rubuta. Sai allo ya cika da sunaye, suna gudu sama kamar tururuwa an taɓa gidansu. A ƙasa na'urar ta tsaya, ta yi gargaɗi irin wanda ba ta cika yi ba. Haulatu ta karanta. Cewa na'urar ta yi, in aka bi ta nan, za ta kori ƙunshi masu ɗimbin yawa, har da manhajar taswira, har da fuskar kwamfutar baki ɗaya. Ta ce abin yana da haɗari, kuma ba za ta karɓi danna maɓalli kawai ba. Sai mutum ya rubuta mata da hannunsa, baƙi bayan baƙi, cewa: I, yi yadda na ce.

Haulatu ta miƙe tsaye. Ta fassara masa duka, a gaban maza, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kawu, don Allah ka bari. Aikina na ciki. Bari in kai Sakkwato."

Duk cikin maganar, jimla ɗaya ce ta shiga kunnen Injiniya. Ya sa ta maimaita. Fuskarsa ta washe. Shekara da shekaru yana gaya wa matansa da 'ya'yansa da masu caji a yi yadda ya ce, babu mai yi, yau ga na'urar Turawa da kanta tana roƙon ya faɗa mata.

"Kun ji ko?" ya ce. "Ta san wa ke gabanta. Tun da nike ban ga na'ura mai ladabi irin wagga ba."

Ya rubuta, bai yi kuskuren harafi ko ɗaya ba. A rayuwarsa ta injiniya wannan ne aikin da ya yi daidai. Na'ura ta bi umarni. Ta yi ta kora, ta yi ta kora, sannan hotuna suka ɓace, allo ya yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan farin layi yana ƙyaftawa a kusurwa.

Majalisa ta zuba wa baƙin allo ido. Injiniya ya yi gyaran murya ya ce haka manyan injiniyoyi suke son ta, hoto na yara ne. Sufyanu ya ce tabbas.

Haulatu ta fita gefe ta sake kiran Abdulmalik. Ya yi salati, sannan ya ce har yanzu da sauran dama: fuska ce ta tafi, aikinta yana kwance a ciki ba a taɓa shi ba. Ya ce ta rufe ta kawai ta hau mota. Ta dawo ta gaya wa Kawu, ta ce za ta shiga gidansa da ke bayan shago ta yi la'asar, in ta fito ta wuce tasha. Ta roƙe shi ya bar ta a rufe. Ya ce ta tahi abinta, ai shi ba yaro ba ne.

Ba yaro ba ne, amma majalisa tana kallo, kuma baƙin allo yana kallon majalisa. Mutum mai takardar Ƙonni ba zai bari a ɗauke na'ura daga teburinsa tana baƙa ba.

Ta daɗe a ciki, don matar Kawu ta tsare ta da fura da tambayar lafiyar mutanen gida. Da ta fito ta tarar da rumfa ta cika fiye da ɗazu, ana ta barka. Kwamfutar tana haske, sabuwa fil, da kyakkyawan hoton dutse a fuskarta. Komai nata da Faransanci. Injiniya ya wanke ta. Ya sauko da wata Linuks daga tsohuwar kwamfutarsa, irin wadda aka ba su a bita, ya ɗora. Da na'urar ta tambaye shi ko a ajiye abin da ke ciki ko a share duka, ya zaɓi a share, don ba a zuba sabon nono a ƙwarya mai tsami.

Haulatu ba ta yi kuka ba. Ta tuna tana da kwafin aikin a 'yar filas, ma'ajiyar nan mai kamar yatsa da ake soka wa kwamfuta, da take ajiyewa a aljihun jaka. Ta sa hannu, aljihu wayam. Ta ɗago kai, sai ga ta a soke a gefen kwamfutar.

Injiniya ya ga inda take kallo. Ya ce ya rasa wadda zai ɗauko sabuwar manhajar da ita, tasa cike take da fina-finan mutane, amanar jama'a, sai Allah ya sa ya ga wannan a jaka. Ita ma ya wanke ta tas. Ya ce ba sai ta gode ba.

Sannan ya juya allon ga jama'a, ya rubuta umarnin nan na ɗazu da yatsarsa ɗaya. Na'ura ta amsa nan take, ba gardama, ba gargaɗi. Ya sa wani ɗan Ƙonni da ya zo shan shayi ya karanta, mutumin ya ce ta ce babu ƙunshin da yake rikici da wani.

"To kun gani," in ji Injiniya. "Rikicin da za a kai Sakkwato, ga shi na raba shi nan ga teburi. In malamanku sun tambaya wa ya gyara, ki ba su lambata."

Ranar Litinin Haulatu ta tsaya a gaban malamai da kwamfuta mai tsabta da hoton dutse. Sun saurare ta, sun tausaya mata, baƙon malamin ya rufe jakarsa ya ce Allah ya kai mu baɗi. Tafkin Kalmalo yana nan, taɓonsa ma yana nan, sai ta jira damina ta koma awo.

Inna ta yi wa ƙanenta magana, ya ce shi na'ura aka ba shi gyara, ba tafki ba. Har yau in ka zauna a rumfarsa zai ba ka labarin, kuma ba ƙarya yake yi ba: tun daga ranar ba a ƙara jin wani ƙunshi ya yi faɗa da wani a cikin kwamfutar nan ba. Dama ba a taɓa jin faɗa a kufai ba.