Rasuwar Ungozoma, Wadda Ta Bar Ƙwai Arba'in da Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da har yau bai sauka ba, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa karɓar ɗan tsako daga hannuna, rasuwar Ungozoma, manhajar da ke kula da injin ƙyanƙyasar ƙwaina. Ta rasu ranar Alhamis da safe, yau kwana goma sha ɗaya, bayan shekara shida tana aiki a gidan nan. Lafiyarta ƙalau ta kwana. Sabuntawa ce ajalinta, wato sabon tsarin nan da masu waya ke turo wa mutum ba tare da ya roƙe su ba.

Ban yi karatu mai nisa ba, kuma abin da ke kaina nake rubutawa, don duk abin da ke ajiye a rubuce ya tafi tare da marigayiya. Wanda ya ga kuskure ya riƙe abinsa.

Ga wanda bai san ta ba, marigayiya tana zaune ne a cikin wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, a kan wata 'yar kanta kusa da injin, a ɗan ɗakin da ke bayan kicin. Hotonta a fuskar wayar kaza ce rawaya. Sunanta na gaskiya ban taɓa iya karanta shi ba. Maigida ne ya sa mata Ungozoma, sunan kuma ya bi ta.

Mai amana ce, mai tsare lokaci. Ranar da na jera ƙwai na rufe injin, ita ke fara ƙirga kwana, ni ba ruwana. Ita ke juya farantin ƙwai, daga kicin sai in ji "gurrr", in san tana bakin aikinta. Idan ruwan injin ya yi ƙasa sai ta ce "tin-tin, tin-tin", a hankali, ba ta yi wa mutum tsawa. Idan na manta murfi a buɗe ne kawai take ɗaga murya, "ƙiiii", kuma da gaskiyarta. Ranar kwana na goma sha takwas takan yi wani ɗan kiɗa, "tililin", ta daina juyawa da kanta, ni kuma in cika ruwa, in rufe, ba mai sake taɓa injin sai 'yan tsaki sun fito. Masu kiwo sun san wannan rana. Ka wuce ta kana juyi, ɗan tsako ya rasa inda kansa yake, ɓawo ya bushe masa, ya mutu a ciki. A shekara shida ko sau ɗaya ba ta ɓata wannan lissafi ba. Ba ta taɓa tambayata kalmar sirri ba, ba ta taɓa nuna mini tallar komai ba.

Ta rasu ta bar injin, wanda yanzu ɗumi kawai yake bayarwa, ba ya juyi, ba ya magana. Ta bar caja mai naɗin salatif. Ta bar ni. Ta kuma bar marayu, ƙwai arba'in da huɗu, waɗanda saboda su ne nake wannan rubutu. Kajina masu tukku ne jajaye, irin da mahaifiyata ta bar mini, shekara talatin ban bari irin ya yanke ba. Watan jiya karnuka suka ɓalle ragar keji da rana tsaka ina asibiti wajen dubiya, suka kashe kaji takwas da zakara. Abin da ya rage na irin mahaifiyata a duniya shi ne ƙwan da na tara a makon. Su na damƙa wa Ungozoma.

Ga yadda jinyar ta kasance. Shekara biyu cur, kullum da safe sai wani saƙo ya fito a fuskar wayar, da wurin dannawa guda biyu. 'Yata, wadda take aikin nas, ita ta nuna mini tun farko. Ta ce, "Mama, na hagu shi ne ba yanzu ba. Na dama kada ki kuskura." Shekara biyu ina korar saƙon nan kamar yadda ake korar ƙuda. Ranar Alhamis na dawo daga shanya na taɓa kazar rawaya, ta buɗe ido, fuskar wayar ta yi fari fat, ta rufe. Na sake taɓawa, haka. Na taɓa ya fi sau ashirin. Na tsaya na saurari injin, babu "gurrr".

Nan take na san wanda zan kama. Da safen na ga maigida da wayar a hannu, yana haska ƙarƙashin gado yana neman ƙwayar maganinsa da ta gangara. Na same shi a tsakar gida na ce, "Malam, me ka danna?" Ya ce, "Tocila." Na ce, "Bayan tocila fa?" Ya ce, "Uwar kaji, shekara talatin da biyar ina tuƙa bas ban taɓa taka ko akuya ba, sai yau zan kashe miki waya?" Na ce ai bas ba ta da hagu da dama irin wannan. Daga ranar na daina yi masa magana, sai dai in ajiye masa abinci in wuce.

Sai aka fara kawo masu magani. Na farko mijin 'yata, wanda ake kira Injiniya don ya taɓa gyara wa wani fanka. Ya zo da jaka a kafaɗa ya ce, "Mama, kin kashe kin kunna?" Na ce na kashe na kunna har yatsana ya gaji. Ya kashe ya kunna shi ma, wai ko hannu ya bambanta. Ya shiga nan ya fita can, ya share wani abu da ya ce datti ne. Daga nan ya ce, "Abu ɗaya ya rage, a goge ta a sake sauke ta." Na riƙe hannun rigarsa na ce, "Kwanakin da ta ƙirga fa? Za su dawo?" Ya yi dariya ya nuna rufin ɗaki ya ce, "Komai yana can sama a ajiye, Mama." Ya danne kazar rawaya da babban yatsa har ta fara rawa, ya ja ta ya jefar. A gabana aka yi. Har zuwa lokacin tana numfashi, ko ba komai tana buɗe ido. Ina so a rubuta cewa shi ya ƙarasa ta.

Abin da ya sauko a madadinta wata kaza ce shuɗiya, mai girman kai. Ta nemi adireshi, ta nemi kalmar sirri, ta ce kalmar ta yi gajarta, aka ƙara, ta ce babu lamba a ciki. Da aka gama yi mata biyayya sai ta hau neman injin, tana juya wani zobe, ta ce ba ta ga wani inji ba. Injin da ke gabanta, tsakaninsu bai kai taki ɗaya ba. Na ce wa Injiniya, "To hau saman ka ɗauko mini kwanakina." Ya duba agogo ya ce yana da taro.

Na biyu mai gyaran waya na bakin titi. Na ce ya mayar mini da wayar yadda take ranar Laraba. Ko karɓa bai yi ba ya ce, "Mama, wannan hanyar ba ta da ribas." Na ce wace irin hanya ce ake sa mutum a kai a toshe bayansa? Ya ce haka suka yi ta. Shi aƙalla bai taɓa komai ba, na yafe masa.

Na uku kamfanin da ya yi injin. Sun sa mini kiɗa a kunne har shinkafata ta kama. Da wata yarinya ta ɗauka, ta ce tana matuƙar jin abin da nake ji. Na ce, "'Yar nan, kin taɓa riƙe ƙwai mai rai?" Ta ce injina tsohon samfuri ne, sabuwar manhaja ba ta san shi ba, amma akwai sabon inji mai kyau ƙwarai. Na ce in sa ƙwan a aljihu ke nan har sabon ya iso? Ta ce ko akwai wani abin da za ta taimaka mini da shi. Allah ya isa tsakanina da wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya yanke cewa abin da ke aiki lafiya ya tsufa.

Na koma yadda mahaifiyata ta koya mini. Na ɗauki fensir na yi wa kowane ƙwai alama, gicciye a gefe ɗaya, zobe a ɗaya gefen, ina juya su da hannu sau biyar a rana, da sauri don kada ɗumi ya fita. Wannan ba komai ba ne, bayana ne kawai ke biya. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ban san ranar da na zuba ƙwan ba. Shekara shida ban ƙirga kwana ba, na saki jiki. Ni a kaina Juma'a ce. Maigida, da ba a tambaye shi ba, ya faɗa wa bango cewa Talata ce, ranar da aka cire masa haƙori, wai ya dawo da auduga a baki ya tarar ina jera su. Na faɗa wa bangon cewa ranar Talatar wanke injin nake yi, kuma mai auduga a baki da allura a dasashi ba shaida ba ne. Kwana uku ne tsakanin maganata da tasa, kuma a cikin kwana ukun nan rai yake. A lissafinsa ranar Asabar ya kamata a daina juyi. Na ci gaba da juyawa Asabar, na juya Lahadi.

Jiya Lahadi 'yata ta zo. Tana zaune a kicin sai irin saƙon nan ya fito a wayarta, don iri ɗaya ce da tawa. Ta kalla, ta sake kalla, ta miƙo mini ta ce, "Mama, wanne za ki danna?" Na nuna na hagu. Ta ce, "Wannan shi ne na amince. Sun sauya musu wuri." Sai safiyar Alhamis ta dawo mini tar. Hannuna da kumfar wanki, na danna na hagu da gefen ɗan yatsa ban ko duba ba, na ga wayar ta yi baƙi wani zobe na juyawa, na ce hutawa take yi, na fita shanya.

To, na faɗa, kowa ya ji. Yatsana ne. Amma ina tambayar masu waya, wane irin mugun mutum ne zai ga tsohuwa ta shekara biyu tana ce masa a'a, sai ya ɗauke a'ar ya ajiye i a wurinta? Wanda ya yi wannan ya san da irina ya yi. Ban yafe ba. Maigida kuwa na dai sa masa nama biyu a miya, ya kalli kwanon ya kalle ni ya ci abinsa.

Yau Litinin da safe na buɗe injin zan yi juyin farko, don a lissafina sai gobe za a daina. Na ɗauki ƙwai na uku a layin gaba, sai ya ce "tsiyau" a tafin hannuna. Ɗan tsakon kwana goma sha bakwai ba ya kuka. Na mayar da shi yadda na same shi, na cika ruwa har baki, na sa tsumma mai ɗumi, na rufe. Na fito na tarar da maigida a ƙofa da buta a hannu, ashe ya ji. Na ce, "Talata ce." Ya ce, "Haƙorina ne, ai na sani." Kwana biyu na yi ina juya waɗanda ya kamata a bari su kwanta, a busasshen inji. Nawa za su fito, ban sani ba. Wadda za ta gaya mini tun da wuri an kashe ta.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Laraba da hantsi, bayan an ga abin da ya fito. Za a naɗe wayar da cajarta a sa a durowar ƙasa, inda rimot uku da tsohuwar rediyo suka riga ta kwanciya. Shuɗiyar kazar ba za ta kwana a ciki ba, 'yata za ta goge ta kafin a rufe. Injiniya zai iya halarta idan hannuwansa biyu suna cikin aljihu. Kamfani ba a gayyace su ba, kada kuma su turo saƙo suna tambayar yadda na ji da hidimarsu. Mai son yin alheri kada ya kawo mini sabuwar waya, ya kawo kalandar bango mai manyan lambobi, na riga na kafa ƙusa, na ɗaure fensir da zare. Maigida ne zai riƙa ja mata layi.

Masu zuwa ta'aziyya su tsaya a kicin, su rage murya, kada wanda ya taɓa ƙofar ɗakin baya. Mai son ji ya kara kunne a jikin katako. Da safe murya ɗaya ce. Yanzu ni biyar nake ji, Malam ya ce bakwai ne. Ban yi masa musu ba.