Na'urar da Ta Ci Mini Dakali

Jama'a, yau a tsaye nake muku rubutu, don wurin zamana ya tafi, kuma ni na jawo wa kaina.

Shekara uku ke nan kwatar layinmu tana ambaliya, ni kuwa kun san bakina. Da na ji doka ta ba talaka damar ganin takardun hukuma, har an sayo na'ura mai tono su cikin ƙiftawar ido, sai na gyara zaman hula na nufi ofis. Na ce a ba ni duk abin da aka taɓa rubutawa a kan kwatar nan.

Ma'aikaciyar ta leƙo ni ta saman tabarau. "Baba, duka? Na'urar nan fa ba ta san kara ba."

"'Yata, ko shafi ɗaya kada a rage."

Ƙiftawar idon ta ɗauki wata biyar. Ranar da kwalin ya iso na tara maƙwabta a kan dakalin ƙofar gidana, na ce yau asirin manya zai tonu. Na miƙa wa maƙwabcina tela ya karanta, don ya fi ni murya.

Takardun kwangila suka fara fitowa. Allah ya ja zamanin Masu Girma Iyayen Tafiyar, duk inda sunansu yake an shafe shi da baƙin tawada, tsaf, kada rana ta taɓa shi. Sai wasiƙun ƙorafina guda goma sha tara, ba a ko warware ninkinsu ba. Na yi ta gyaɗa kai ina hura hanci.

Can tela ya kai wani shafi, ya ɗago ya dube ni.

"Karanta mana!" na ce.

"Maigida, wai dakalin gida mai lamba bakwai ne ya toshe kwatar. An ba da umarnin rushe shi tun bara waccan, aka manta."

A kansa muke zaune. Sunana kuwa raɗau, tawadar ba ta kai kaina ba. Kunya ta rufe ni, na tambayi wane munafuki ne ya kai ƙara.

Daga bayan ƙofa uwar 'ya'yana ta amsa: "Ni ce, Malam. Sau nawa na faɗa maka, ka ce in bar maganar manya?"

Ashe tonon takardun ya tuna wa hukuma, washegari da hantsi masu gudumomi suka iso. Gaskiya, tunda nake ban taɓa ganin hukuma ta yi aiki da sauri haka ba. Ruwa dai yana wucewa yanzu, maƙwabta har godiya suke mini, suna danne dariya.