Garzali da Ƙwan Zabi Masu Iyo

Yaya Sabi'u, yau kwana hamsin da uku ke nan da muka raka ka makwancinka. Masarar da ka shuka a bayan gida ta yi goyo, Umma ta hana kowa taɓa ta. Ni nake jan Keke Napep ɗinka yanzu, ban canza komai a jikinsa ba. Amma ba kuka na zo yi maka ba. Labarin mutuminka Garzali na kawo.

Ka dai san shi. Mutum ne da in ya buɗe baki sai ka nemi wurin zama. Cajar waya yake sayarwa a bakin tasha, amma a majalisa ba manomin da ya kai shi. Wai yana da gona a bayan dutse, sai da babur ake zagaye ta. Wai zabinsa ɗari uku. Kai kaɗai kake iya ce masa, "Garzali, gonar nan a cikin waya take ko?"

To ya samu yarinya, Ramlatu, malamar firamare. Ya cika mata kunne da zabi. Ita kuwa ta ce ba zai turo manyansa gidansu ba sai ta ga gonar da idonta. Ya ce ai damina ce, rafi ya kawo, hanya ta yanke. Ta ce to ya kai ta kasuwar ƙauyen da yake kai amfanin gonarsa, ta ga yadda ake ji da shi. In ta gamsu, ya turo.

Sai ga shi wurina.

"Lurwanu ƙanena, shatar kekenka zan yi ranar Lahadi. Amma in mun je, Sarkin Noma za ka riƙa ce mini."

Na ce, "An gama, Sarkin Noma."

Yaya, ka ga kasuwar nan kuwa? An yi ruwa da safe, ƙasa tana ƙamshi. Ga yalo tsibi-tsibi, irin mai ɗacin nan da kake so. Ga ɗanyar gyaɗa da ƙasarta a jiki, ga kuɓewa, ga rama, hayaƙin gasasshiyar masara yana bin mutane. Na ɗan tsaya gaban mai yalo, sai na rasa wanda zan saya wa, na wuce.

Garzali kuwa farar shadda ya sha, tana ƙarau-ƙarau. Yana tafe yana ɗaga wa mutane hannu. "Sannunku da ƙoƙari! Ya damina?" Wani tsoho mai kuɓewa ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, wannan ƙuri'a yake nema?"

Ramlatu ta ce, "Malam Garzali, kamar ba su gane ka ba."

Ya ce, "Kunya ce. Mutanen ƙauye akwai kunyar manya."

Muna cikin haka muka iso wurin wata tsohuwa mai ƙwan zabi. Ga ƙwarya cike da ruwa a gabanta, kamar yadda aka saba. Mai saye ya jefa ƙwai a ciki, wanda ya nutse mai kyau ne, wanda ya taso sama baragurbi ne, ya ruɓe. Har ta ware wasu guda bakwai da suka taso, ta ajiye a gefe za ta zubar.

Ramlatu ta ce, "Sarkin Noma, ga fagenka. Zaɓar mini."

Garzali ya naɗe hannun riga, ya tsuguna. Ya jefa ƙwai ɗaya, tsulum, ya nutse. Ya girgiza kai. Ya jefa wani, ya nutse. Ya ja tsaki.

"Inna, haka ake cutar baƙi? Duk matattu ne!"

Tsohuwa ta saki baki. "Angona, me ka ce?"

Ya miƙa hannu ya ɗauko ɗaya daga na gefen nan, ya jefa. Ƙwai ya taso yana lilo a kan ruwa. Garzali ya tafa.

"Yawwa! Kin ga lafiyayye! Ramlatu, ki koya. Ko mutum ne ya faɗa rafi ya nutse, ai sai dai gawa. Mai rai shi ne mai iyo."

Na ciji leɓe har na ji gishiri. Masu gyaɗa suka bar gyaɗarsu suka matso.

Tsohuwa ta ce, "Kai, yau na ga ilimi. Angona, masu iyon nan kwashe su duka, na ba ka kyauta."

Ya dubi Ramlatu. "Kin gani? Ta gane ni." Ya zuba shida a aljihun shadda, uku nan uku nan, ya riƙe ɗaya.

Ramlatu ta ce, "Ka tabbata dai?"

"Ni? Mu manoma ɗanye muke sha, shi ne sirrin ƙarfinmu. Kuma ba ma neman dutse, a goshi muke fasawa."

Ya ture hula baya. Ƙwas! Ƙwan zabi da tauri, bai fashe ba, sai goshin ya yi ja. Wani ya ce, "Ƙara, Alhaji!" Ya ja numfashi, ya ƙara da ƙarfi.

Tau!

Yaya, kamar an harba bindigar toka. Wani koren ruwa ya wanke masa fuska, ya bi gemu, ya gangara kan shadda. Wari kuwa, Allah ya raba ka. Mai nono ta rufe ƙwaryarta ta arce. Ƙudajen kasuwa kaf suka bar mahauta suka yo kansa.

Duk da haka bai haƙura ba. Ido a rufe yake cewa, "Irin na waje ne... haka ƙamshinsu yake..."

Ramlatu ta toshe hanci da mayafi. "Malam Garzali, a hannun kakata na girma. Ni nake bin zabi cikin ciyawa ina gano inda suke ƙwai. Ka ce wa manyanka su sha zamansu, kada su wahala." Ta juyo gare ni. "Lurwanu, mu tafi. Shi dai ba zai shiga keken nan ba."

Ba mu kai ga tashi ba, muna kallo dole ya nemi wata akori-kura da ta yi lodin awaki za ta gari. Ya haye baya, ya matsu a tsakaninsu. Mota ta ɗan ja, wata akuya ta jingina da aljihunsa. Tus! Ya zabura gefe guda. Tus! Tus!

Mai awakin ya hau dukan mota. "Direba tsaya! Malam, don girman Allah sauka. Shekara huɗu ina tare da bunsurun nan, ban taɓa ganin ya kau da kai don warin wani ba sai yau!"

Na kifa kai a kan sitiyari na yi ta dariya har hawaye. Na miƙa hannu gefe zan dafa kafaɗarka, sai na dafa ƙarfe.

Garzali ya kira ni sau tara, yana haɗa ni da Allah kada majalisa ta ji. Gobe da la'asar za su zauna. Ni dai ban gaya wa kowa ba tukuna.