Sekuru Gwatidzo da Ƙofar Gaba

"Na kwana lafiya in kai ka kwana, tsohon angona," in ji Chenesai, ta rusuna tana tafa hannu.

A bayan kantin wani Bature a garin Gwelo ta ritsa kakanta, Sekuru Gwatidzo, ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba. Bargo ya zo saye, amma ya maƙale a 'yar tagar da aka saba miƙo wa baƙar fata kaya, alhali ga ƙofar gaba wangame, jama'a na ta shiga.

"Amarya mai ƙafar zabuwa, wa ya aiko ki?"

"Na zo kallon wanda 'yanci ya tsallake yana minshari. Ƙofa tana can, Sekuru."

"Ke dai bari. Da kunnena na ji shugaban Turawan a rediyo, ya ce baƙar fata ba zai yi mulki ba ko nan da shekara dubu. Mutumin nan in ya ce ruwa, nemi laima."

"To ga shi an yi. Ashe shekararka dubu! Da ma na faɗa, kai ka yi wa Nuhu dakon katako."

"Mara kunya! Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya ruga. A bakin ƙofar nan aka kaɗe mini hula da bulala, uwarki tana goye."

Chenesai ta dubi sandar da yake dogarawa. Ta san in ta tagar nan ya sayi bargon yau, har ya mutu ba zai taka ƙofar ba. Kayan kaka kuwa na jika ne, ba mai kai ƙara. Sai ta fizge sandar, ta zuba da gudu.

"Ɓarauniya! Sandata!"

"Zo ka karɓa in ka isa! In ba haka ba, na auri mai haƙori!"

Tsoho ya bi ta da ɗingishi, yana zagin da ya ishi ƙauye uku. Bai farga ba sai ga shi a tsakiyar kanti. Ya yi cik. Hannunsa ya nufi hula, ya tsaya a hanya. Ba wanda ya daka masa tsawa. Baturen ya ɗago kai, ya tambayi abin da za a ba shi.

Sekuru ya shaƙi iska, ya dubi dama da hagu, sai ya tuntsure da dariya har da hawaye.

"Wannan ne? Sabulu da kananzir? Ni na ɗauka aljanna suke ɓoyo!"

"Ka yarda na ci?"

"Kin ci, ja'ira. Zaɓi kallabi. Amma kar ki gaggauta ni, sai na taɓa kowane bargo a kantin nan."