Yadda Ake Renon Ɗan da Ba Zai Taɓa Damunka da Magana Ba

Kai uba, surutun yaro ya ishe ka? Bi matakan nan. Na ba ka tabbaci, kafin ya shekara goma gidanka zai yi tsit. Ni kafinta ne, a kan Autana na gwada, kuma ban taɓa yin aikin da ya fita tsaf irin wannan ba.

1. Kashe tambaya tun tana ƙarama

Zai biyo ka shago yana ɗan shekara uku, ya tsuguna cikin garin katako ya ce, "Baba, itace yana jin zafi in ka buga masa ƙusa?" Kada ka kuskura ka yi dariya, dariya ce ke jawo tambaya ta biyu. Ce masa, "Tashi ka ba ni wuri." In ya dage, tura shi wurin uwarsa, ita ma ta turo maka shi. Zirga-zirga na ƙara wa yaro lafiya.

2. Yi alkawari, sannan ka zare bel

Ranar da ka tarar da madubin kabad a fashe, sassauta murya: "Faɗi gaskiya, ba zan taɓa ka ba." Da ya ce shi ne, ka san sauran. Sau ɗaya ake ba da wannan darasi, yaro mai basira ba ya bukatar maimaici.

3. Hana kuka

"Haɗiye shi! Kai ba namiji ba ne?" Uwarsa za ta ce, "Malam, yaron nan tsoronka yake ji fa." Yi mata godiya, ai yabonka ta yi.

4. Nemi makin da ya ɓace

Ya shigo a guje da takarda, ya ci tara cikin goma. Tambaye shi ina ɗayan ya tafi.

5. Zauna ka ci moriya

Yau Auta yana da shekara ashirin da shida, yana aiki a wani gari. Duk mako nakan kira shi. "Ya aiki?" "Lafiya lau, Baba." Minti ɗaya mun gama, ko kati ba ya ci.

Shekaranjiya abokinsa ya tsaya a shago ya yi mini barka, wai an sallamo Auta daga asibiti. Kwana goma sha biyu ya yi, har aiki aka yi masa a ciki. A cikin kwanakin nan sau biyu muka yi waya, duk lafiya lau.

Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na ranar ba. Na kira shi, na ce, "Auta, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Yi haƙuri, Baba. Ba zan sake ba."

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya samu abin da na samu, babu ruwana, kada ya zo mini shago da ƙorafi. Ni haɗawa kawai na iya. In akwai wanda ya san yadda ake kwancewa, don Allah ya nemo ni.