Za a Kai Kaka Hutu

"…lafiya lau, Amarya. Ya gajiyar zama? Na ga har kin fara gyangyaɗi."

"Gajiya tana wurin wanda yake ta zarya tun ɗazu kamar shi aka bar wa gadin tashar."

A ɗakin jira na tashar jirgin ƙasa suke, kan wani bencin ƙarfe mai gurguwar ƙafa. Kaka ce da jikanta, malamin makaranta, wanda take kira Mai Alli. Tun yana goye yake mijinta na wasa, kuma ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a yi wa juna tas ba. An gaya mata hutu za a kai ta gidan ɗanta a bakin teku, ta sha iska. Gaskiyar maganar kuwa, likita ya ce zuciyarta ta gaji, magani ya yi iyakarsa, a kai ta inda za a kula da ita, kuma kada a tayar mata da hankali. Dangi suka taru suka ɗora wa Mai Alli aikin: ya kai ta tana dariya, kada ta gane. Shi da ko "ku ce ba na nan" bai iya faɗa ba sai murya ta yi rawa.

Ya zauna, benci ya karkata. "Jirgin ya makara, amma kada ki damu. Na karanta a waya yadda ake tafiya hankali kwance. Ki ja numfashi ta hanci, ki riƙe, ki saki a hankali."

"Numfashin da nake ja tun ba a haifi uwarka ba, yau kai za ka koya mini? Kai ja. Dubi goshinka, kamar an tsamo ka daga rijiya."

"Zafi ne."

"Ga fanka a kanka."

"Fankar nan sa'arki ce, sai ƙara, ba iska."

"Gara ni ina ƙara. Kai fa? Miji ya fito da matarsa shan iska, ko ruwan sanyi babu. Kakanka, Allah ya jiƙansa, ran da ya yi tafiya da ni tarago guda ya kama, daga ni sai jakata."

"A bayan keke ya ɗauko ki, kowa ya sani, kuma a kwata kuka ƙare."

"Kwatar ma shi ya sa aka haƙa mana, don mu huta."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya tashi ya sayo ruwa, ya dawo yana kokawa da murfin. Ita ta karɓa ta buɗe. Don ya sami abin yi, ya jawo jakarta zai gyara mata wuri, sai ya ji ta taso sakayau.

"Amarya, me ke cikin jakar nan? Iska kika ɗauro?"

"Ba wayarka ce ta ce a rage kaya ba? Jiya ka cika mini kunne."

"A rage aka ce, ba a zo da jaka don ado ba. Ina zannuwanki na fita?"

"Na ba 'yar maƙwabciya. Ta fi ni ƙugu."

"Kajin fa, wa kika bar wa?"

"Sun koma gidan mai wanki. Da ma can suke wuni, munafukai."

"Keken ɗinkin?"

"Tela ya zo ya ɗauka. Shekara nawa yana yi masa kallon maraya."

Mai Alli ya ajiye jakar. Keken nan ko mai ba ta yarda wani ya ɗiga masa. Ya dubi allon jirage, ya dubi takalminsa, ya rasa inda zai ajiye ido.

"Hutu fa za mu, ki dawo."

"Mai Alli, 'yan ajinka kake yi wa wannan, ba ni ba. Likitan nan da baki ba ya rufuwa, ranar nan ya yi tsit yana ta goge tabarau. Uwarka ta zo tana yanke mini farce tana jan hanci, wai mura. Duk wannan na ce ko zargi ne irin na tsufa. Sai ga ka, ka shigo da sallama, ka durƙusa, ka ce, 'Sannu Kaka, ya jiki?' Ba mummuna, ba mai baƙin haƙori, ba komai. Ran nan na aika a kira tela."

"Kaka…"

"Ka ji ko! Ka sake. Wace ce Kaka? Sakina ka yi ban sani ba?"

Tausayinta ya kama shi, ga kunya, ga haushin kansa, don ladabin da ya yi sau ɗaya a rayuwarsa shi ya tona asirin dangi gaba ɗaya. Ya sunkuyar da kai, hawaye na sauka a kan wayar.

"Share, kada mutane su ce dukanka nake," in ji ta. "Zan je. Ina so in ga ɗana, in ga ruwan nan da ake ta zuzutawa. Ba mutuwa ce ke hana ni barci ba. Abin da ba na so shi ne ta same ni a ɗakin baƙi, ina kallon rufin da ban sani ba. Komai na bayar, gadona ne ban bayar ba. Ran da ka kira ka ji na daina zaginka, ka zo ka ɗauko ni."

"Kawu ba zai yarda ba. Likita ma ya ce…"

"Kawunka ne mijina, ko likita?"

Lasifika ta yi kururuwa, jirgi ya shigo. Mutane suka miƙe suna ture juna da akwatuna. Kaka ta gyara zama, ta harɗe hannuwa.

"Tashi mana, za a cinye kujerun."

"Su cinye. Ban ji amsa ba."

Ya tsaya a kanta, jaka a hannu. Ya san in ya ce to, shi da kawunsa sai an kai ruwa rana, kuma in hanya ta ƙarasa ta, shi dangi za su nuna da yatsa har abada. Ɗakin jira ya fara zama wayam. Can sai dariya ta ƙwace masa, haɗe da majina.

"Na ji, na yarda, zan ɗauko ki. Wa ma zai riƙe ki a can? Kifaye na ganin fuskar nan za su yi ƙaura."

Ta kwance bakin mayafinta, ta ciro makullin ɗakinta, ta damƙa masa a tafin hannu.

"Ga tukuici. Ka riƙa zuwa kana buɗe taga, kada in dawo in tarar ɗaki ya yi warin rufi."

Ya jefa shi a aljihun gaba, ya miƙa mata hannu. "Tashi, mummuna, kada ki sa jirgi ya bar mu."

"Yauwa," in ji Kaka, tana dafa shi. "Yanzu na ji muryar mijina."